Yadda Ake Ɗaure Keken Guragu a Cikin Mota, da Kayan da Ya Kamata a Haɗa Masa

Birkin keken guragu an yi shi ne domin keken ya tsaya cak a tsakar gida ko a bakin gado lokacin da mai shi zai hau ko zai sauka, ba domin ya riƙe mutum a cikin motar da ke gudu a kan titi ba. Ban fahimci haka ba sai ranar da na ga jini a goshin yayana. A shekarar da ya samu rauni a laka sakamakon haɗarin babur, mun riƙa kai shi ganin likita daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato, tafiyar kusan kilomita 150. A fitarmu ta farko mun ɗauki shatar bas, aka kwance kujerar tsakiya, muka ɗaga shi da kekensa muka ajiye a gurbinta, muka danne birki biyun, sannan muka zagaya igiya a tayoyin muka ɗaure ta a ƙafar wata kujera. Na zauna kusa da shi na dafa hannun keken, zuciyata ta kwanta cewa mun yi abin da ya dace. Bayan mun wuce Argungu wasu shanu suka faɗo titi, direba ya taka birki, alhali ba ma gudu yake yi sosai ba. Keken ya karkace ya tsaya, shi kuwa Yaya ya zame daga kansa gaba ɗaya ya bugi ƙarfen kujerar da ke gabansa, hannuna da na dafa bai hana komai ba. Da muka tayar da shi muna goge masa fuska, abin da ya fara cewa shi ne: "Kun ɗaure keke, kun bar mutum."

A cikin wannan magana tasa duk aikin yake. Keke abu ɗaya ne, wanda ke zaune a kansa abu ne dabam, kuma kowanne yana buƙatar nasa ɗauri zuwa jikin motar. Dalili kuwa shi ne, idan mota ta tsaya farat ɗaya, duk abin da ke cikinta wanda ba a haɗe yake da ita ba zai ci gaba da tafiya da gudun da take yi. Masu gwada kekunan da aka yarda a zauna a kansu cikin mota suna bin wata ƙa'ida ta duniya mai lamba ISO 7176-19, inda ake kwaikwayon karo na gaba da gudun kilomita 48 a awa, kuma ƙarfin fisgar da ake samu a wannan gwaji ya kai ninki 20 na nauyin abin da aka ɗaure. Idan mutum da kekensa sun kai kilo 100, to a wannan ɗan lokaci madaurin yana riƙe da abin da ya yi daidai da tan biyu, wato buhun shinkafa mai kilo 50 har guda 40. Babu hannun ɗan'uwa da zai riƙe wannan, komai ƙaunarsa, kuma babu igiyar ɗaure buhu ko robar tsohuwar taya da za a dogara da ita. Gudun kilomita 48 kuwa ƙasa yake da abin da direbobinmu ke yi tsakanin Kalgo da Jega.

Saboda haka zaɓi na farko, kuma mafi aminci, shi ne kada mutum ya yi tafiya a kan kekensa muddin zai iya zama a kujerar mota. Kujerar mota a ɗaure take da ƙasan motar tun daga masana'anta, tana da majinginar kai, tana da bel da aka auna da ita. A matso da keken dab da ƙofa, a ɗan karkata shi ya fuskanci gaban motar, a danne birki, a kawar da matakan ƙafa, a cire ko a ɗaga madafin hannun da ke ɓangaren motar. A tura kujerar motar baya iyakarta domin ƙafafu su samu wuri. Idan mutum yana da ƙarfin hannu, allon zamewa yana sauƙaƙa aikin ƙwarai: katako ne mai santsi da ƙwari, tsawonsa kamar kamu ɗaya da rabi, ana cusa bakinsa ɗaya ƙarƙashin cinya, ɗayan ya hau kujerar mota, mutum ya riƙa gusawa kaɗan-kaɗan yana ɗan ɗaga jikinsa a kowane taki. Kafinta zai iya yin sa, da sharaɗin ya goge shi sosai ya siranta bakunansa, kada a bar wata tsaga da za ta karce fata. Idan kuwa ɗauka za a yi, mutum biyu ne ya kamata, ɗaya ya rungumo ta baya ya riƙe hannuwan da aka harɗe a ƙirji, ɗaya ya tallafo ƙarƙashin gwiwoyi, su ƙirga tare su ɗaga tare. Kada a ja mutum ta hammata, musamman wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, domin kafaɗar da ta mutu tana saurin gocewa. Kafin a ɗauka a tambaye shi yadda yake so a yi, domin ya fi kowa sanin inda ke yi masa ciwo.

Abubuwa biyu ake mantawa a nan. Na farko shi ne zafin kujera. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kebbi, kujerar leda da ƙarfen bel na motar da ta yini a rana suna iya ƙona fata, wanda ba ya jin ƙafafunsa kuwa ba zai sani ba sai an ga bororo da daddare. A taɓa kujerar da bayan hannu, a shimfiɗa zane, a duba kada ƙafa ta jingina da ƙarfen da ke ɗaukar zafin inji. Na biyu shi ne robar fitsari ga mai amfani da ita: a tabbatar ba ta lanƙwashe ba, ba a zauna a kanta ba, jakar kuma tana ƙasa da mara. A motar haya irin Sharon ko Golf, inda ake cusa mutum biyu a kujerar gaba, shawarata ita ce a biya kuɗin mutum biyun a bar masa kujerar shi kaɗai, domin bel ba ya aiki a kan mutum biyu. Tun ranar 1 ga Janairun 2003 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta ɗaura bel, amma wanda ba zai iya tokare ƙafarsa ya kare kansa ba ya fi kowa buƙatarsa ko da babu jami'i a kan hanya.

Keken da aka sauka daga kansa shi ma sai an ɗaure shi, domin ƙarfe mai kilo 15 zuwa 20 da ke yawo a bayan fasinjoji makami ne idan aka yi karo. A cire matashin zama ya tafi tare da mai shi, a zare matakan ƙafa a sa su cikin jaka ɗaya, a kama tsakiyar shimfiɗar zama a ɗaga sama keken ya naɗe, a danne birki domin tayoyi su daina juyawa. But ɗin mota ne wurin da ya fi dacewa. Idan motar irin wadda but ɗinta a buɗe yake zuwa kujerun baya ce, a jingina keken da bayan kujera a ɗaure shi da bel ɗin ɗaure kaya mai makulli, irin wanda ake ja ana tamkewa. A tasha kuma sai an tsaya a kai. 'Yan lodi sun saba kwantar da keke a ƙasa su jibga buhuna a kansa, ko su bar shi a bakin but da ba ya rufuwa su ja roba, kuma taya ɗaya da ta lanƙwashe ta isa ta sa keken ya riƙa jan gefe har ƙarshen rayuwarsa. Ni nakan ce wa direba da girmamawa: "Malam direba, wannan ba kaya ba ne, ƙafafun yayana ne, don Allah a sa shi daga ƙarshe, a sama." Ban taɓa samun wanda ya ƙi ba bayan ya ji haka. Yana da kyau kuma a san cewa akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, kuma ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wa wani wariya saboda nakasarsa, da tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani. Wanda aka ƙi ɗauka a tasha saboda kekensa ba alfarma yake roƙo ba.

To amma akwai waɗanda ba za su iya barin kekensu ba: wanda ba ya iya riƙe zamansa sai da majinginar da aka gyara masa, yaro babba mai lalurar ƙwaƙwalwa da jikinsa ke sandarewa, mai nauyin da ɗaukarsa ke jawo masa rauni, ko mai keken lantarki. Ga waɗannan ne aka yi ɗauri mai maƙalai huɗu, kuma a kansa zan tsaya sosai.

A fara da duba keken kansa. Wanda aka gwada domin zama cikin mota yana ɗauke da tambarin ISO 7176-19, ko WC19 idan daga Amurka ya zo, kuma a jikin firam ɗinsa, wato ƙarafunan gangar jikinsa, akwai wurare huɗu, biyu gaba biyu baya, da aka liƙa wa ɗan hoton ƙugiya domin nuna inda ake maƙala madauri. Gaskiyar magana, yawancin kekunan da ke hannun mutanenmu, irin na asibiti masu naɗewa da ake saya a kasuwa ko ake samu a rabo, ba su da wannan tambari, kuma shimfiɗar ledarsu da siraran bututunsu ba a yi su domin ɗaukar ƙarfin karo ba. Wanda zai riƙa yawan tafiya a kan keke ya sa wannan tambari cikin abin da zai nema ranar da zai sayi sabo. Wanda kuma babu yadda zai yi sai da wanda ke hannunsa, ya ɗaure shi ta hanyar da zan bayyana, ya san cewa kariyar ba cikakkiya ba ce, ya nemi direba mai natsuwa.

Sai ƙasan motar. Madaurai huɗun suna buƙatar maƙalai huɗu masu ƙarfi, ko layin ƙarfe mai ramuka da ake shimfiɗawa a ƙasa ana maƙala su a ciki. Madauran da maƙalansu suna da tasu ƙa'idar, ISO 10542, kuma gara a sayo cikakken saiti mai wannan lamba daga masu kayan asibiti ko a yi odarsa, a kan a harhaɗa na kasuwa. Wajen kafawa, kuskuren da ake yi shi ne a kai wa mai walda ya ɗiga zobe a kan falankin ƙasa. Falankin nan siriri ne, a tsohuwar bas ma sau da yawa tsatsa ta riga ta cinye shi, kuma zai yage kamar takarda ya bi zoben. Daidai shi ne a huda ƙasan, a zura kusoshi masu ƙarfi har su ɓulla, a sa faffaɗan ƙarfe mai kauri ta ƙarƙashi ya raba nauyin, sannan a ɗaure noti, kuma idan zai yiwu kusoshin su ratsa ta inda ƙarfen ƙarfafa jikin motar yake. Kafin a huda, bakanike ya shiga ƙarƙashin motar ya ga inda tankin mai da bututun birki da wayoyi suka bi. Wannan aiki ne na kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Shigar da keke da mutum a kai yana buƙatar gangaren hawa, wato faffaɗan ƙarfe ko katako mai ƙwari da ake jinginawa daga ƙasa zuwa bakin motar, mai ɗan tudu a gefuna biyu domin kada taya ta zame, da wani maƙali da zai hana shi suɓucewa daga bakin ƙofa. Ma'aunin gine-gine shi ne ɗaya cikin 12, wato kowane santimita 10 na tsayi yana son santimita 120 na tsawo, kuma ba kowa ne zai iya yawo da mai wannan tsawo ba. Dabarar da muka koya a gida ita ce a matso da motar kusa da dakali ko wani tudu, tsayin ya ragu, gangaren ya kwanta. Ana hawa da gaba, mai turawa yana baya; ana sauka da baya, mai riƙewa yana ƙasa yana tokarewa. Idan babu gangare sai ɗauka, a kama firam kawai, kada a kama madafin hannu ko matakin ƙafa, domin an yi su ne su zare, kuma za su zare a hannun mai ɗauka.

Da an shiga, keken ya fuskanci gaban mota. Ba a ajiye shi a karkace, ba a ajiye shi yana kallon taga, ko da hakan ya fi sauƙin shiga ta ƙofar gefe, domin keke ya fi rauni ta gefe, jikin mutum kuma ba ya samun abin tare shi ta nan. A daidaita shi a tsakiyar maƙalan huɗu, a danne birki. Idan na lantarki ne a kashe shi, a bar injin a sarƙe yadda ba za a iya tura shi da hannu ba. A fara maƙala madaurai biyu na gaba, sannan biyu na baya, a tamke. Inda babu hoton ƙugiya, a nemi wurin da bututun firam suka haɗu da walda, kusa da tsayin wurin zama, kamar inda ƙarfen zama ya sadu da na jingina. Ba a ɗaurewa a taya, ko wayoyin taya, ko matakin ƙafa, ko madafin hannu, ko ƙarfen nan mai gicciye da ke naɗe keken, ko duk wani abu da ake cirewa. Madauran baya su miƙe kai tsaye zuwa baya ta tsakanin tayoyin biyu, su sauka da kusurwar digiri 30 zuwa 45. Na gaba su ɗan buɗe zuwa waje domin hana keken rangaji, su sauka da digiri 40 zuwa 60. Wanda ba shi da ma'aunin kusurwa ya auna da kamu: idan wurin da aka maƙala a baya ya kai kamu ɗaya daga ƙasa, maƙalin ƙasan ya kasance kamu ɗaya zuwa ɗaya da rabi a bayansa, a gaba kuma nisan ya yi daidai da tsayin ko ya ɗan gaza. Kada madaurai su gitta juna, kada su murɗe, kada su goga a bakin ƙarfe mai kaifi. Bayan an tamke, a saki birki, a kama keken a jijjiga shi gaba da baya da gefe da ƙarfi. Idan ya gusa fiye da faɗin yatsu uku, a ƙara tamkewa, sannan a mayar da birki.

Yanzu aka zo kan abin da muka bari a hanyar Argungu. Mutumin yana buƙatar bel mai rassa biyu, na ƙugu da na kafaɗa, wanda ke maƙale da jikin motar ko da madauran baya kamar yadda masu saitin suka tsara. Ɗan siririn bel ɗin da ke zuwa da keke, ko majanyin da ake ɗaura wa mutum a ƙirji domin kada ya kife, aikinsu gyara zama ne. A bar su a ɗaure, amma kada a lissafa su cikin kariya. Bel ɗin ƙugu ya sauka ƙasa sosai, ya kwanta a kan ƙashin ƙugu dab da cinya, ba a kan ciki ba, domin idan ya hau ciki zai iya raunata hanji lokacin fisga. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora shi ta saman madafin hannu, sai ya zama yana riƙe da keke ne ba mutum ba. A zura shi ta tsakanin madafin da majingina har ya taɓa jiki. Na kafaɗa ya ratsa tsakiyar kafaɗa da tsakiyar ƙirji ya sauka gefen ƙugu, kada ya hau wuya, kada a tura shi ƙarƙashin hammata. Babbar riga da hijabi mai yalwa a daidaita su kada su tattaru ƙarƙashin bel su bar sarari. Majingina ta tsaya a miƙe, kada ta kwanta fiye da digiri 30, in ba haka ba mutum zai sulale ta ƙarƙashin bel. A samar da majinginar kai mai ƙarfi a bayan ƙeya, domin bugu daga baya yana fisgar wuya. A cire teburin da ake maƙalawa a keke, da sanda, da tulun iskar numfashi idan akwai, a ɗaure su dabam. A gaban kan mutum a bar fili na aƙalla santimita 65 babu ƙarfe, duk ƙarfen da ba ya ciruwa kuma a naɗe shi da soso mai kauri. Ƙaramin yaro kuwa kujerar yara ta mota ce ta fi masa, idan jikinsa ya yarda da ita.

A kan hanya, a gaya wa direba tun a gida cewa tudun rage gudu da ramuka sun fi dukan wanda ke kan keke fiye da sauran fasinjoji, musamman idan an ajiye shi bisa tayoyin baya na motar. Bayan tafiyar minti 15 ta farko a tsaya a sake taɓa madauran, domin sukan ɗan saki. A tafiya mai nisa, kamar zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a riƙa tsayawa a inuwa ana sauya masa zama, ana ba shi ruwa. Masu rauni a laka da yawa ba sa yin gumi a ɓangaren jikin da ke ƙasa da raunin, don haka zafi yana taruwa musu da sauri, kuma jiƙaƙƙen tawul a wuya yana taimakawa. Fita da sassafe bayan sallar asuba ta fi.

A cikin gari, inda Keke Napep ne abin hawan yau da kullum, babu wurin ɗaure keke da mutum a kai. A zaunar da shi a kujera, mai rakiya ya zauna ta ɓangaren da ya fi buɗewa, a naɗe keken a ɗaure shi yadda ba zai faɗa kan ƙafafu ko ya leƙo titi ba, a ɗauki shata domin kada a ƙara fasinja. Kabu-kabu bai dace da wanda ba ya iya matse ƙafafunsa ba, ga kuma salansa mai ƙuna. Zaunar da mutum a kan kekensa a bayan Hilux ko a-kori-kura, kamar yadda ake yi ranar biki ko taron siyasa, kada a yi shi ko na tafiyar minti biyar ne. Haka nan ina roƙon 'yan'uwanmu masu keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu su daina kama bayan mota ko babur yana jan su, domin birkin keken ba zai iya da wannan gudu ba.

Game da kayan haɗi, matashin zama ne kan gaba da nisa, har ba na so a kira shi ƙari. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 80 a duniya suna buƙatar keken guragu, ta bayyana tun cikin jagorarta ta 2008 cewa keken da ya dace shi ne wanda aka auna da jikin mai shi da irin ƙasar da zai bi, kuma ta ɗauki matashi a matsayin ɓangaren keken. Wanda ba ya jin mazaunansa, idan ya daɗe a kan shimfiɗar leda, jini yana daina isa fatar da ke kan ƙashi, sai gyambon zama ya ɓulla, kuma gyambon da ya samu cikin yini ɗaya yana iya cin watanni bai warke ba, yana ma iya kisa idan ya ruɓe. Matashi mai kyau yana da soso mai tauri a ƙasa wanda aka rarake daidai ƙasusuwan zama, da mai laushi a sama, da riga mai ciruwa da ake wankewa. Akwai kuma masu iska da masu jel ga mai hali. Filon kwanciya ba ya maye gurbinsa. Tiyub ɗin babur ko matashi mai rami a tsakiya kamar gammo kuwa cutarwa yake yi, domin yana matse jini a kewayen wurin. Ma'aikatan sashen gashin ƙashi a Asibitin Sir Yahaya ko asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi su ne mutanen da ya kamata a tambaya kafin a saya. Ko da matashi, a riƙa ɗaga jiki ko karkata gaba da gefe duk bayan minti 15 zuwa 30, a duba fata safe da yamma da madubi, kuma duk tabon da ya yi ja ko ya yi duhu bai koma daidai ba bayan rabin awa, a daina zama a kansa a nemi likita.

Taya ce ta biyu. Ƙasarmu rairayi ce da ƙaya, tsidau kaɗai ya isa ya sa mutum ya zama ɗan gidan mai faci. Taya mai iska ta fi taushi a kan hanya marar kwalta, ta roba zalla ba ta faci amma tana jijjiga ƙashin baya. Wanda ya zaɓi mai iska ya riƙe famfo da kayan faci, ya kuma san cewa idan iska ta ragu birki ba ya kamawa. Ƙananan tayoyin gaba masu siranta suna nutsewa a rairayi su kifar da mutum, masu faɗi sun fi, keke mai doguwar ƙafa ɗaya a gaba kuma ya fi duka a ƙauye. Sauran kayan ba su da tsada. Ƙananan ƙarafunan hana kifewa ta baya suna da amfani ga sabon mai keke da kuma lokacin hawa gangare. Safar hannu mai yankakkun yatsu tana kare tafi daga kanta da zafin ƙarfen turawa. Jaka a rataye ta ƙarƙashin wurin zama maimakon bayan majingina, domin nauyi a baya yana sa keke ɗagawa. Lema mai maƙali tana da kyau a rana da damina, amma a cire ta kafin a shiga mota. Mai fita sallar isha'i ko asuba ta bakin titi ya liƙa leda mai ƙyalli a baya da gefen keken, ya maƙala ƙaramar fitila mai caji, domin direba ba ya saurin hango abin da ke ƙasa-ƙasa. A jakar a ajiye sifana biyu da suka dace da notin keken da ɗan giris, kuma a lokacin hunturu a riƙa zare gashi da zare da ƙurar da ke naɗewa a boris ɗin tayoyin gaba. Mai keken lantarki kada ya bar batir a rufaffiyar mota cikin rana.

Madauran su ma suna tsufa. Rana tana busar da zarensu, ƙura tana shiga makullansu, don haka bayan kowace tafiya a kwance su a kakkaɓe, a naɗe su cikin jaka maimakon a bar su a ƙasan mota ana takawa. Wanda ya fara zarewa, ko ya yanke ko da kaɗan ne, ko man birki ko ruwan batir ya zuba a kansa, a canza shi, kada a kai wa baduku ya ɗinke. Duk saitin da aka yi haɗari yana ɗaure a jikin keke ya gama aikinsa ko da ido bai ga lahani ba, keken kuma a kai shi a duba waldarsa kafin a sake zama a kai. A gidanmu akwai takarda da muka liƙa a cikin murfin jakar madauran, domin wani lokaci ɗan Yaya ne ke raka shi ba ni ba, kuma ga abin da ke rubuce a jikinta: gaba biyu, baya biyu, jijjiga, ƙugu, kafaɗa, sannan a tambayi Baba ko wani abu yana matse shi kafin a tayar da mota.